Otal ɗinmu na Garwa yana samun baƙi amma kuɗi ba ya zama, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina otal mai ɗaki 22 a Garwa, arewacin Kamaru, gab da gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin Afirka. Lokacin gasar babu masaka tsinke. Bara ya rasu, da yake ni ne babba sai aka ɗora mini riƙon wurin a madadin iyayenmu mata da ƙannena. Yanzu a dare mukan samu baƙi 10, wata rana ƙasa da haka. Ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, sefa 15,000 ne, mai fanka 8,000. Kuɗi yana shigowa, amma ƙarshen wata in na biya mai da wuta da albashi sai in ga babu abin rabawa, har an fara yi mini kallon mai cin dukiyar marayu. Ma'aikata kuma ba sa daɗewa. Wasu sun ce in rage farashi, wasu sun ce sai na buɗe mashaya kamar maƙwabtanmu, wasu sun ce mu sayar mu raba gado. Wace shawara za ka ba ni?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa can ta fi masa nan, kai kuma ya taya ka riƙo. In na fahimce ka, ba ƙarancin baƙi ne babban ciwonka ba. Mutum 10 a ɗaki 22 kusan rabi ke nan, kuma a Garwar yau wannan ba abin kuka ba ne. Tambayarka ita ce ina kuɗin yake bi tsakanin hannun baƙo da ƙarshen wata. Na yi wannan aiki tun daga teburin karɓar baƙi har zuwa kujerar manaja, a Marwa da Garwa da Ngawundare, kuma abin da na fi gani shi ne ƙaramin otal a yankinmu ba kasafai rashin ciniki ke kashe shi ba. Yoyo ne ke kashe shi, ta janareta, ta tebur, ta bashi, ta dangi. Ban ga littattafanka ba, saboda haka abin da zan faɗa ka gwada shi da abin da ke gabanka.

Su wa ke kwana a otal a arewa yanzu

Da can lokacin sanyi shi ne kakar masu otal a nan. Daga Disamba zuwa wajen Maris Turawa kan cika Marwa da Garwa, suna zuwa kallon giwaye da raƙuman dawa a gandun dajin Waza, da duwatsun Rumsiki, da gandun dajin Binuwai da na Buba Njida. A watan Fabrairun 2013 aka sace Faransawa 7 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza, ba a sako su ba sai a Afrilu. A Mayun 2014 aka ɗauke 'yan Sin 10 masu aikin hanya a Waza ɗin. Daga nan ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji zuwa yankin, kasuwar yawon buɗe ido ta faɗi, sannan korona ta zo a 2020 ta ƙarasa abin da ya saura.

Gasar da ka ambata an buga ta a farkon 2022. Filin wasa na Rumde Ajiya da ke nan Garwa ya karɓi rukunin da Najeriya da Masar suke ciki, mutanen Yola da Mubi suka yi ta kwararowa, har Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi ranar 23 ga Janairu. Biki ne na 'yan makonni, amma ɗakunan da aka gina dominsa suna nan tsaye, kowa yana neman wanda zai sa a ciki. Alhaji bai yi kuskure da ya gina ba. Sai dai kada ku riƙa auna yau da cikar wancan lokacin, domin ba za ta dawo duk shekara ba.

Baƙon yau ma'aikacin gwamnati ne da aka turo aiki daga Yawunde, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, ko mai hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton wanda hedkwatarsa ke nan Garwa. Akwai 'yan kasuwar albasa da gyaɗa da shanu, da matafiyin da ya sauka daga jirgin ƙasa a Ngawundare zai wuce Kuseri ko Njamena dare ya yi masa, da 'yan biki, da masu rakiyar maniyyata. Waɗannan mutane ba kwalliyar gini suke nema ba. Suna son ɗaki mai sanyi, ruwa a famfo, zanen gado mai tsabta, wurin ajiye mota da mai gadi, da rasit ɗin da ofishinsu zai amince da shi. Ka buɗe littafin baƙinku na wata 6 da suka wuce ka rubuta sana'ar kowa da inda ya fito. Za ka iske mafi yawan kuɗinku daga rukuni biyu ko uku yake zuwa, kuma su ne ya kamata ka gina komai a kansu.

Rage farashi

Ɗakin otal kamar ƙanƙara yake a hannun mai talla, wanda bai sayu yau ba ya narke, ba a ajiye shi zuwa gobe. Wannan ne ke sa mai otal ya firgita ya karya farashi. Amma mu yi lissafi da alƙalumanka. Mu ɗauka duk baƙin nan 10 ɗaki mai kilim suka kama, kuma mu ƙaddara kowane baƙo yana cin maka sefa 5,000 a wuta da ruwa da wanki da sabulu. Abin da ya rage maka a dare 100,000 ne. In ka sauke ɗakin zuwa 12,000, kowane baƙo zai bar maka 7,000 kawai, ka ga sai ka samu mutum 15 kafin ka koma inda kake. Shin rangwamen 3,000 zai ƙaro maka baƙi 5 kowane dare? Ban taɓa ganin haka ba, domin maƙwabcinka ma zai sauke kafin mako ya zagayo, kuma ma'aikacin da ofishinsa ke biya masa bai damu da wannan bambancin ba.

Rangwame yana da wurinsa: wanda zai yi mako guda ya biya gaba ɗaya, ko ƙungiyar da za ta kama ɗakuna da yawa, ko ɗan kasuwar da ke sauka wurinka duk wata. A rubuta farashin a manna a bango, rangwame kuma kai kaɗai ke bayarwa. Da zarar mai tebur ya samu ikon yin ciniki da baƙo, ka buɗe wata ƙofa da ba za ka iya tsarewa ba.

Wuta, inda rabin ribar ke ƙonewa

Nan nake so ka fi tsayawa. Wutar arewa ba a haɗe take da ta kudu ba, ƙashin bayanta madatsar Lagdo ce, mai ƙarfin megawat 72 in ruwa ya cika. Ruwan kuwa yakan ja baya ne daidai watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowane baƙo yana neman kilim. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun rage raɗaɗin, amma har yanzu otal ba ya rayuwa babu janareta. Gazuwal kuma, wato man dizal, ya tashi daga sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 828 a Fabrairun 2024. Man bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya shi ma ya daina araha tun da aka cire tallafi a can a Mayun 2023. Na tabbata farashin ɗakinku bai motsa daidai da wannan ba.

Mu ce janaretanka yana shan lita 5 a awa. A sefa 828, awa 8 na dare sun haura 33,000. Ɗaki biyu masu kilim sun tafi gaba ɗaya, da ɗori. In dare ne mai baƙi 10, da sauƙi. In baƙi 3 ne, hasara ka kwana kana yi alhali ana ganin fitilunka a kunne. Yawancin waɗanda suka gina don gasar sun sayi babban inji da zai ɗauki ɗakuna duka, kuma babban inji ko da ɗaki 3 yake ja yana shan mai sosai, ga shi rashin nauyi yana lalata shi.

Abin da na yi a wuraren da na riƙe shi ne na kira mai gyaran wuta ya raba ginin gida biyu ko uku, kowane ɓangare da makunninsa. Mai tebur ya riƙa cika ɓangare ɗaya kafin ya buɗe na gaba, kada ya watsa baƙi sama da ƙasa. Sai a nemi ƙaramin janareta na biyu don dararen da baƙi ba su da yawa. Fitilu da fankoki da intanet da na'urar jawo ruwa kuma a mayar da su kan hasken rana da batura, domin ba sa cin wuta sosai, rana kuwa muna da ita. Kilim ne kaɗai ke bukatar inji. Ga wani abu da ake rainawa: ƙurar hunturu tana toshe matatar kilim, sai ya yi ta aiki ɗakin bai yi sanyi ba. A sa yaro ɗaya ya riƙa wanke su duk mako, a toshe ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, a sa labule mai kauri a ɗakunan da ke fuskantar yamma. Baƙo in ya fita da safe a kashe wutar ɗakinsa daga waje.

Man kansa sai an tsare shi. Ka sa littafi a ɗakin janareta, a rubuta lokacin da aka tayar da lokacin da aka kashe, a gwada da agogon awoyi da ke jikin injin. A samu sanda mai zane a riƙa tsoma ta a tanki safe da yamma a gaban mutum biyu. Cikin mako biyu za ka san lita nawa injinka ke sha da gaske, kuma in akwai jarkar da ke fita ta ƙofar baya za ta bayyana.

Ruwa ba zan ja shi ba. In ba ku da rijiyar burtsatse da tankin da zai riƙe ku kwana biyu, wannan ya riga fenti da sabuwar talabijin. Baƙo yakan yafe ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci, amma ba ya manta asubar da ya tashi alwala famfo ya ƙi kawowa.

Tebur da ma'aikata

Akwai wani otal da aka kira ni in duba, mai shi yana kuka irin naka. Da safe na zagaya bayan gini inda ake shanya. Littafin tebur ya ce mutum 9 suka kwana, mai wanki kuwa ta shanya zannuwan ɗaki 13. Ɗakunan nan 4 an sayar da su cikin dare, kuɗin ya shiga aljihu, wuta da wanki suka hau kan mai otal. Tun daga nan duk inda na je nakan sa a riƙe shaida uku da ba hannu ɗaya ke rubuta su ba: takardar da baƙo ke cikewa da lambar katin shaidarsa, wadda dama hukuma ke nema, da jerin ɗakunan da mai shara ta iske an kwana a ciki, da ƙidayar zannuwa da tawul a wurin wanki. Kullum da hantsi ka haɗa su. Rasit ya zama mai lamba a jere, kuma a manna lambar biyan kuɗi ta waya, Orange Money da MoMo, ta otal a gaban tebur, da sunan otal, ba ta wani ma'aikaci ba.

Amma in na tsaya a nan ban yi wa ma'aikatan adalci ba. Yaron da ke tebur a wancan wurin yana bin albashin wata uku, kuma shi kaɗai ke kwana ya wuni. Wanda kuɗi ke wucewa ta hannunsa kullum, gidansa babu abinci, an sa shi a jarrabawar da bai kamata a sa shi ba. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin sana'armu sefa 60,000 ne a wata, kuma doka ta wajabta a yi wa ma'aikaci rajista a CNPS, hukumar inshora da fanshon ma'aikata. Na san ƙananan otal da dama ba sa yi. Ra'ayina shi ne ma'aikata 6 da ake biya daidai, a ranar da aka yi alkawari, sun fi 10 da ake ja wa rai. Ka ba su hutun kwana ɗaya a mako, da abincin rana, da canji tsakanin mai dare da mai rana.

Ka kuma san darajar mai teburinka. A Garwa yana bukatar Faransanci da Fulatanci da Hausa, da ɗan Larabcin da zai gaisa da mutanen Cadi, da ɗan Turanci saboda 'yan Najeriya. Mai wannan baki ƙungiyoyin agaji suna nemansa, kuma sun fi ka biya. Ba za ka kamo su a albashi ba, amma kana iya ba shi wani ɗan kaso a duk watan da ciniki ya haura abin da kuka tsayar, sai ya ga cikar ɗakuna tasa ce. Akwai makarantar koyon aikin otal ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, a Ngawundare, ɗalibanta suna neman wurin gwajin aiki. Ka nemi ɗaya ko biyu, za su koya wa yaranka shimfiɗa gado da tarbar baƙo.

Mata masu shara suna da tasu damuwar. A al'ummarmu har yanzu ana yi wa macen da ke aiki a otal wani kallo, shi ya sa da ta samu miji ko wata sana'a take tafiya. Ka kare mutuncinsu: su yi aiki bibbiyu, ƙofar ɗaki a buɗe, su tashi kafin la'asar, kuma duk baƙon da ya yi musu maganar banza kai za ka fuskance shi.

Bashi da dangi

Taron bita yana da daɗi a ido, zaure cike, ɗakuna cike. Amma wasu ofisoshi sai bayan watanni suke biya, alhali kai gazuwal da nama da shinkafa hannu da hannu ka saye su. Na ga otal da ya rufe yana bin kuɗin da ya isa ya tsayar da shi. Kada ka karɓi taro sai da takardar oda mai sa hannu da hatimi, da rabin kuɗi a gaba, kuma wanda bai biya na baya ba kada a buɗe masa sabon shafi komai girman kujerarsa.

Dangi sun fi wuya. Kawu ya zo daga ƙauye, abokin Alhaji ya zo jinya, an kawo amarya ana neman ɗaki 5. Lokacin Alhaji dukiyarsa ce, yana da ikon kyauta. Yanzu akwai haƙƙin marayu a kowane dare. Ku zauna da iyayenku mata ku ware ɗaki ɗaya mai fanka na baƙin gida, sauran duk wanda ya sa mutum a ciki a rubuta a kan kasonsa. Kai ma a yanka maka albashi sananne, ka daina ɗiba daga aljihun tebur ko na cefane ne. Ƙarshen wata ka rubuta shiga da fita a takarda ɗaya ka karanta musu. Zargin da ake yi maka rashin gani ne ke kawo shi, kuma takardar nan za ta fi rantsuwa wanke ka.

A cikin fitar kada ka manta da haraji. Tun 2017 akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane dare, daga sefa 500 a ƙananan wurare zuwa 5,000 a masu tauraro 5, kuma in kuna cikin masu karɓar TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, kashi 19.25 ne cikin 100. Wannan kuɗi ba naku ba ne ko da ya kwana a akwatinku, a ware shi tun ranar da ya shigo. Matsayin otal ɗinku a wurin ofishin haraji kuwa aikin akawu ne da zai ga takardunku, ba zan yanke maka shi daga nesa ba.

Mashaya

Hukuncinta a addini ka sani, malamai sun fi ni bayani. Ta fuskar kasuwa ba zan ɓoye maka ba, tana kawo kuɗi da sauri, kuma akwai masu shirya taro da za su wuce ka saboda babu ita. Amma tana sauya irin mutanen da ke shigowa, ta kawo kiɗa har tsakar dare da rigima da ba da ɗaki na awa, wanda shi ne cinikin da ya fi kowane wuyar ƙidaya. Ga kuma magada da za su ce ba su yarda a gauraya musu dukiya ba. Masu mashaya sun yi yawa a Garwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da Alhaji zai sauka da iyalinsa hankali kwance, ko mace ma'aikaciya ta kwana ita kaɗai ba fargaba. Ka gyara ɗan masallaci, ka sa buta da darduma da alamar alƙibla a kowane ɗaki, ka yi sahur da buɗa baki da azumi. In kana da fili ka yi rumfar taro da biki. Kicin kuma kada ya faɗaɗa, tunda firji ba shi da tabbas: shayi da burodi da ƙwai da kunun gyaɗa da safe, tuwo da miyar yakuwa ko gasasshen giwan ruwa na Lagdo da dare. Abinci kaɗan mai kyau ya fi dogon jeri da rabinsa ke lalacewa.

Irin wannan suna baki ne ke yaɗa shi, amma ka taimaka masa. Ka sa otal ɗin a taswirar Google da hotuna na gaskiya da lambar WhatsApp da ake amsawa nan take, ka kuma san masu baburan da ke tsayawa a tashoshin manyan motoci, domin su ne baƙon dare ke tambaya ina zai kwana.

Sayarwa

Tsaro da hanya da farashin mai ba a hannunka suke ba, ni ma ba zan yi maka alkawarin yadda za su kasance baɗi ba. Abin da zan ce shi ne kada ku sayar a cikin duhu. Ka roƙi magada wata 3, ka toshe wuraren da na lissafa, ka riƙe littafi na gaskiya. In riba ta fito, kun san abin da kuke da shi. In ba ta fito ba, littafin ne zai sa mai saye ya ba ku farashin kasuwanci maimakon na bulo da fili. In wani magaji ya nace sai an ba shi kasonsa, haƙƙinsa ne, a kira malamai da mai ƙiyasta gini a fitar masa, sauran su saye shi a hankali in za su iya.

Akwai kuma hanya ta tsakiya, wato ba da wurin haya ga wanda ya san aikin. In kun zaɓi wannan, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya ko notaya mai tabbatar da takardu, a lissafa kowane kilim da katifa da talabijin da halin da suke ciki, a rubuta awoyin da ke kan agogon janareta ranar miƙa makulli, a faɗi wanda gyara ke kansa, a karɓi kuɗin ajiya na watanni, sannan a sa sharaɗin abin da ba ku yarda a sayar ko a yi a cikin ginin ba.